Buscopan da Piriton Ga Mai Kumburin Hanji: Inda Suke Taimakawa, Inda Suke Cutarwa

Mai fama da cutar Crohn mai kumbura hanji ko gyambon babban hanji da likitoci ke kira ulcerative colitis ya san murɗawar ciki irin wadda ke sa mutum ya duƙa ya riƙe mara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan hannu ya kai ga Buscopan, ko kuma aka ji ana cewa maganin borin jini irin su Piriton yana kwantar da hanji aka ce bari a gwada. Magungunan nan biyu suna da gurbinsu, amma babu ɗayansu da ke warkar da kumburi. Wannan aikin na mesalazine ne, da prednisolone, da azathioprine, da allurai irin su infliximab da adalimumab. Wanda ya sha maganin murɗawa ciwo ya lafa alhali gyambon yana ci gaba da cin bangon hanji, kamar mai toshe kunne ne don kada ya ji gobarar da ke cikin ɗakinsa.

Tambayar farko kafin a haɗiyi ƙwaya ita ce: wannan murɗawar daga ina take? Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan cuta suna ci gaba da jin ciwon ciki, kumburin iska da sauyin bahaya ko bayan kumburin ya kwanta. Hanjin ne ya zama mai saurin jin zafi, tsokarsa kuma tana matsewa ba dalili, irin abin da ake gani a IBS, wato ciwon hanji mai murɗawa da sauyin bahaya wanda babu gyambo a cikinsa. A nan ne maganin murɗawa ke da amfani. Ana rarrabewa da gwajin bahaya na calprotectin da gwajin jini na CRP, waɗanda ke nuna ko akwai kumburi. Calprotectin ƙasa da 50 yawanci yana nuna babu kumburi, sama da 250 kuwa cutar ta motsa. Idan gudawa ta zo farat ɗaya, a duba bahaya ko akwai ƙwayar cuta, musamman amiba da C. difficile, don atini yana kama da tashin cutar sosai.

Magungunan murɗawa kashi biyu ne, kuma bambancin nan shi ne jigon maganar. Kashi na farko yana toshe saƙon da jijiya ke aika wa tsokar hanji ta hanyar sinadarin acetylcholine. Cikinsu akwai hyoscine butylbromide, wato Buscopan, da dicycloverine. Babba yana fara Buscopan da ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 sau uku a rana, iyakarsa miligiram 20 sau huɗu. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini idan an haɗiya, shi ya sa ƙwayar ta fi allurar sauƙin illa; allurar tana iya sa zuciya gudu, ba a yi wa mai ciwon zuciya ita da wasa. Amma wannan saƙon da ake toshewa ba hanji kaɗai yake zuwa ba. Shi ke sa yawu ya zubo, mafitsara ta matse, ido ya daidaita gani. Idan an toshe shi, sai ka ga baki ya bushe, gani ya yi dishi-dishi, fitsari ya ƙi fita, bahaya ya yi tauri. Mai hawan jinin ido irin na rufaffiyar kusurwa, da dattijon da ƙabar mafitsararsa, wato prostate, ta kumbura har fitsari ke masa wuya, da mai cutar raunin tsoka ta myasthenia gravis, duk su nisanci wannan kashi.

Kashi na biyu yana sassauta tsokar hanji kai tsaye, bai taɓa waccan hanyar saƙon ba. Mebeverine miligiram 135 sau uku a rana, minti 20 kafin abinci, ko kafso mai miligiram 200 safe da yamma. Sai kafson man na'a-na'a, ɗaya ko biyu sau uku a rana kafin abinci. Ana haɗiye shi ne dunƙule da ruwa. An yi masa rufin da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi, don haka wanda ya tauna shi, ko ya sha shi tare da maganin ƙwannafi, zai ji maƙogwaro da ƙirji suna zafi. Ga wanda murɗawa ke kama shi bayan kowane cin abinci, na fi ganin hikimar farawa da mebeverine, a ajiye Buscopan don ranar da ciwo ya zo ba zato. A ba mebeverine makonni biyu. Idan babu canji, ƙara yawansa ba zai kawo komai ba.

Ga inda ake faɗawa rami. Lokacin da colitis ta tashi da ƙarfi, kumburin yana ratsawa har cikin tsokar babban hanji ya raunana ta. Idan aka ɗora maganin da ke rage motsin hanji, Buscopan ne ko loperamide ko codeine ko tramadol, hanjin na iya tsayawa cak, iska da bahaya su taru, ya buɗe har faɗinsa ya haura santimita 6 a hoton eksire. Wannan shi ne toxic megacolon, kuma yana iya kaiwa ga fashewar hanji da tiyatar gaggawa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne gudawar tana raguwa, sai a ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali ciki yana ƙara tasowa yana tauri, jiki ya yi zafi, zuciya na bugawa da sauri. Ƙarancin potassium da gudawa ke jawowa yana ƙara haɗarin. Ma'aunin da Truelove da Witts suka kafa a 1955 har yau ana amfani da shi: bahaya mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da ɗaya daga cikin zafin jiki sama da digiri 37.8 a ma'aunin Celsius, bugun zuciya sama da 90 a minti, ma'aunin yawan jini na haemoglobin ƙasa da 10.5, ko gwajin kumburi na ESR sama da 30. Wanda ya kai nan, asibiti zai kwana.

Mai Crohn yana da nasa tarkon daban. Cutar tana barin tabo ya ƙuntata wani sashe na ƙaramin hanji. Ciwon da ke zuwa bayan abinci yana ɗagawa yana sauka, ga ƙugin ciki, ga amai, ga iska ta daina fita, alamar toshewa ce. Matsewar da ake ji ƙoƙarin hanji ne na tura abinci ta ƙuntataccen wuri, kashe ta kuwa ƙara toshewar yake yi.

To maganin borin jini fa? Tunanin yana da tushe. A bangon hanji akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast cells, suna sakin histamin, shi kuma yana sa jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi. A 2016 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun ba masu IBS ebastine miligiram 20 kullum na makonni 12, kuma ciwon ciki ya ragu fiye da na waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani a ciki. Sai dai masu IBS ne aka gwada, ba masu gyambon hanji ba, kuma maganin borin jini, wato antihistamin, ba ya cikin magungunan da aka amince da su don kwantar da Crohn ko colitis. Inda ake amfani da shi a zahiri shi ne ƙaiƙayi, atishawa, da kuma kafin ƙarin ruwan infliximab ga wanda jikinsa ya taɓa yin bori.

Zaɓin nau'in ne ke da muhimmanci. Tsofaffin, wato chlorphenamine da aka fi sani da Piriton, promethazine, diphenhydramine da cyclizine na tashin zuciya, suna sa barci, kuma suna toshe acetylcholine kamar Buscopan. Mutum ya sha Buscopan da rana, ya sha maganin mura mai chlorphenamine da dare, wataƙila likita ya ɗora shi a kan amitriptyline don ciwon jijiyar hanji: magunguna uku ke nan masu aiki iri ɗaya, bai sani ba. A tsoho wannan haɗin kan kawo rikicewar tunani, faɗuwa da riƙewar fitsari. Cetirizine ko loratadine miligiram 10 sau ɗaya a rana sun fi dacewa, ko fexofenadine, wanda ake sha da ruwa zalla domin ruwan lemo da na tuffa suna rage shigarsa jini.

A kuma karanta bayan kwali. Wasu magungunan murɗawa ana haɗa su da mefenamic acid ko diclofenac a ƙwaya ɗaya, kuma waɗannan dangin ibuprofen ne, suna iya tayar da cutar da ta kwanta. Idan ana buƙatar maganin ciwo, farasitamol ne: giram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ƙasa da haka ga wanda ya rame bai kai kilo 50 ba. Wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji yana gudawa kamar ruwa kuwa, sau da yawa ruwan matsarmama ne ke zuba cikin babban hanji, kuma colestyramine ne maganinsa, Buscopan ba zai tsayar da ita ba.