In saba ta riƙa faɗuwa, kar ka yi saurin yi mata fomatin

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, musamman ku da aka fara damƙa wa makullin ɗakin saba a makarantu da cibiyoyin jarabawa nan Birnin Kebbi, Argungu, Yawuri da sauransu, maganar yau kan sabar Linux ce da ana cikin aiki sai ta tsaya cak, ka duba allo ka ga "Kernel panic - not syncing". Kanel dai shi ne ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura, shi ke rabon ram, shi ke magana da had dis da katin netwok, to in ya ci karo da abin da ba zai iya gyarawa ba da gangan yake tsayar da komai don kar ya ɓata bayanan mutane.

Ni lokacin da abin ya same ni a wata cibiya da na yi wa aiki, duk sanda ta faɗi sai in danne maɓallin wuta in ta da ta, aiki ya ci gaba, kowa na ta yi mini sannu da ƙoƙari. Da abin ya yawaita na yi mata fomatin na sake sa komai, ba a jima ba ta koma gidan jiya. Haushi ya sa rana guda na canza had dis, na sabunta kanel, na canza wayar wuta, ta ɗan lafa sannan ta dawo, kuma ko da ta warke a lokacin wallahi ban san wanne zan ce ya yi maganin ba. Da na kira ogan da ya koya mini aiki tambaya ɗaya ya yi: "Kai yaro, mi tac ce kahin ta hwaɗi?" Na yi tsuru-tsuru, don duk abin da ta faɗa ni da hannuna na goge shi.

Saboda haka kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton allon da wayarka. In ta tashi ka buga journalctl -k -b -1 ka ga saƙonnin kanel na tashin da ya gabata, amma sai in akwai /var/log/journal, in babu duk ristat yana tafiya da su. Kuma ko akwai ɗin sau da yawa layukan ƙarshe ba sa shiga, tunda wanda zai rubuta su a had dis ɗin shi ne ya mutu. Nan kdump yake da amfani: ana ware masa ɗan ram da crashkernel= a GRUB, wato manhajar da ke loda kanel in an kunna na'ura, in babban kanel ya faɗi sai wani ƙarami ya tashi a wannan wurin ya kwashe abin da ke cikin ram ya aje a /var/crash. A Ubuntu linux-crashdump za ka sa. Ka gwada shi da echo c > /proc/sysrq-trigger wanda yake kayar da sabar da gangan, don Allah ba ranar da ɗalibai ke zaune kan jarabawa ba. In kana da wata kwamfuta a netwok ɗin, netconsole zai riƙa tura mata saƙonnin kai tsaye.

Karatun ba sai ka iya rubuta kanel ba. A saƙon faɗuwar ka dubi layin RIP, wato inda kanel ya tsaya, da abin da ke ƙarƙashin Call Trace, wato jerin ayyukan da suka kai shi nan, ka tara na faɗuwa biyu ko uku ka jera su. In kullum suna ɗaya ke fitowa, misali direban katin netwok (direba ita ce manhajar da kanel ke sarrafa wani ƙarfe da ita), to matsalar manhaja ce, ka koma tsohon kanel daga jerin GRUB ka gani ko za ta daina. Ka lura da kalmar Tainted a cikin saƙon ma, harafin P na nufin an cusa direban da ba buɗaɗɗe ba. Direba ɗaya ya isa ya kayar da komai, ku tuna 19 ga Yuli 2024 da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutocin Windows cikin shuɗin allo, Microsoft ta ƙiyasta na'ura miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi.

Amma in yau ta faɗi nan gobe ta faɗi can, ba tsari ba kan gado, ka bar zargin Linux ka koma kan ƙarfe. Tawa haka ta kasance. Memtest86+ na sa, manhajar gwajin ram, zagayen farko lafiya lau har na kusa kashewa, oga ya ce bar shi ya kwana, da safe na tarar ƙasan allon ya yi jawur da kurakurai. Na riƙa cire sandunan ram ina gwada su ɗai-ɗai har na kama mai laifin. Da na buɗe akwatin kuwa ƙurar hunturu ta yi dam a bakin fanka kamar audugar katifa, ga ɗakin ba iska, ga zafin Maris da Afirilu da yake haura 40 a garin nan. In sabarka mai ram ɗin ECC ce, wato mai gano kurakuransa yana gyarawa, ka sa rasdaemon mai rubuta kurakuran, ka riƙa duba ipmitool sel list, can na'urar take rubuta ƙorafinta na zafi da wuta da ram ko da Linux bai samu damar cewa komai ba.

Wani lokacin ma ba kanel ba ne sam. In log ya yanke kawai ba saƙo ba komai, ka duba ko lokacin ya yi daidai da ɗauke wuta da komawa janareta, batirin UPS da ya gaji yana yin haka. Littafi ɗan ƙarami a gefen sabar da kake rubuta rana da awa da abu ɗayan da ka canza zai nuna maka wannan.

Sai saitin kernel.panic=10 da za ku ga ana ba da shawararsa, yana sa sabar ta tashi da kanta bayan daƙiƙa 10. Yana da kyau, masu ofis ma za su daina kiranka tsakar dare, amma kar ka sa shi sai ka tabbatar kdump ko netconsole na aiki, in ba haka ba ko hoton allon ba za ka samu ɗauka ba.