Rainon dukushi daga ranar haihuwa zuwa ranar ɗaura sirdi

Yawancin dawakan da ake kuka da su a barga, mai cizo, mai tutsu, mai taurin baki, mai kumburin gaɓa tun bai kai shekara 5 ba, ba haka aka haife su ba. A shekaru ukun farko ake ɓata su, kuma abin da ke ɓata su sananne ne: ɗauri a turke tun suna ƙanana, dusa fiye da kima, da ɗora sirdi kafin ƙashi ya ƙosa, don kawai sallah ta matso ana son a fita da sabon doki.

Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, wato kwana 340 ko kusa da haka. Idan saura mako 4 zuwa 6 ta haihu, a yi mata allurar rigakafin sarƙewar haƙora, domin kariyar ta sauka cikin nononta. Hantsa za ta fara cika, in kuma aka ga wani abu kamar danƙo ya daskare a kan nonon, to galibi haihuwa ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Galibi da dare take haihuwa, kuma ba ta daɗewa. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. Ƙafafun gaba biyu ke fara leƙowa, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci a bisansu. In rabin awa ta wuce tana nishi babu abin da ya fito, ko aka ga ƙafa ɗaya tak, a kira likitan dabbobi nan take. Cibiya kuwa ba a yanke ta, da kanta take tsinkewa idan uwar ta miƙe.

Akwai lissafi mai sauƙin riƙewa: awa ɗaya ɗa ya tsaya da ƙafarsa, awa biyu ya kama nono, awa uku mabiyiya ta faɗo. In mabiyiya ta maƙale kada a ja ta. A ƙulle ta sama don kada uwar ta taka, a nemi likita, domin ɗan guntun da ya rage a ciki yana ruɓewa ya jawo zazzaɓi da zafin kofato mai gurgunta goɗiya.

Dakashi shi ne komai a ranar farko. Dukushi ana haihuwarsa babu garkuwar jiki daga uwa ko kaɗan, sai abin da ya sha a nonon farko, kuma hanjinsa na karɓar wannan kariya sosai ne a awa 6 zuwa 12 na farko. Bayan awa 24 ƙofa ta rufe. In bai iya kama nono ba, a tatsa a ba shi da bulumboti yana tsaye ko yana zaune bisa ƙirjinsa. Kada a ɗura masa yana kwance a gefe, zai shaƙe ya tafi huhu. Cibiyar a riƙa tsoma ta cikin ruwan aidin da aka sirka, sau biyu ko uku a yini har kwana 3. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga jini ta sauka a gaɓa. Saboda haka dukushin da bai kai wata ɗaya ba in ya fara ɗingishi, gaɓa ta kumbura ta yi zafi, kada a tsaya cewa uwarsa ce ta taka shi. A ɗauka cutar cibiya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce, don kwana biyu na jinkiri ya isa ya lalata gaɓar. In kuma ba a yi wa uwar rigakafi ba, a yi wa ɗan allurar kariya ta gaggawa daga sarƙewar haƙora a ranar.

Kashin farko baƙi ne mai tauri, ya kamata ya fita cikin yini ɗaya. Mazan sun fi fama da maƙalewarsa: za ka ga yana ta yunƙuri, wutsiya a ɗage, yana gantsarewa. Zafin jikin dukushi mai lafiya digiri 37.5 ne zuwa kusan 39. Amma kafin ma'auni, duba hantsar uwa. Lafiyayyen ɗa yana shan nono sau da yawa cikin awa guda, don haka in ka ga hantsa ta cika tam tana ɗiga, ɗan ne ba ya sha, kuma ba shi da lafiya. Wajen kwana 7 zuwa 12 yakan yi ɗan zawo. Muddin yana sha yana tsalle, wanke masa gindi kawai a shafa basilin. In ka gan shi yana cin kashin uwarsa kyale shi, da haka cikinsa ke samun abin narkar da ciyawa.

Horo yana farawa a makon farko, ba da bulala ba, da hannu. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a bayan cinya, ka riƙe shi har ya daina fizga, da ya natsu ka sake shi. Lura da wannan, don duk horon doki a kansa yake: abin da doki ke koya shi ne abin da ya yi a daidai lokacin da aka sassauta masa. In ka sake shi yana fizga, ka koya masa fizga. In ka sake shi da ya tsaya, ka koya masa tsayuwa. Minti 5 zuwa 10 a rana ya wadatar. A shafa kunne, leɓe, ciki, tsakanin cinyoyi, a ɗaga kowace ƙafa na ɗan lokaci a ajiye ta da hannu, ba shi ya ƙwace ba. Yara kuma a hana su wasan ba shi yatsa ya tsotsa ko ɗora ƙafafunsa a kafaɗa. Abin dariya ne yana da kilo 50, ba abin dariya ba ne yana da kilo 300.

Ragama mai laushi za ta iya shiga a mako na biyu, da sararin yatsa biyu tsakaninta da fuska, kuma a cire ta in ba kowa a wurin, domin yakan sosa kunne da ƙafar baya ta sarƙe. A koya masa ja a bayan uwarsa, da wata igiya da aka zagayo ta bayan cinyoyinsa. In ya turje, igiyar baya ake ja, ba ta kai ba. Wuyan dukushi ba shi da ƙwari, kuma in aka yi jayayya da kansa yakan miƙe ya faɗi ta baya ya bugi ƙeya. Ɗauri ma haka: da farko a naɗa igiyar a jikin turke a riƙe ƙarshenta a hannu, sai ya saba da sassautawa kafin a ƙulle.

Turke dai ba wurin zaman dukushi ba ne. Ƙashi da jijiya da gudu suke ƙarfi. Wanda aka ɗaure ta ƙafa dare da rana tun yana wata 6 zai tashi da siraran ƙafafu, kofato a karkace, da miki a wuyan ƙafa. In gida ba fili, a sama masa shinge ko kango da zai sake na awanni kullum, ba ƙusa, ba waya, ba leda. In dole sai an ɗaure, igiyar ta zama mai faɗi da laushi, a riƙa sauya ƙafa. Kofato a fara gyara shi tun yana wata ɗaya, sannan duk mako 4 zuwa 6, domin ƙaramar karkata tana gyaruwa ne a watannin farko kawai.

Sai maganar ci, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Dusa tana da arha, tana sa ƙiba, shi ya sa ake cika wa dukushi kwano. Matsalarta ita ce sinadarin fosforas ya yi mata yawa, kalsiyam kuma kaɗan ne, alhali ƙashi mai girma yana son kalsiyam ya fi yawa, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In aka daɗe a haka jiki sai ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi. Za a ga ƙashin fuska ya kumbura tsakanin ido da hanci, ɗingishi yana yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan, haƙora su yi girgiɗi. Maganin yana nan a gida: harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam da abin gina jiki, su ya kamata su zama ginshiƙi tare da ciyawa, hatsi da dusa su zama ƙari. Abincin ganye busasshe ya kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jiki a rana. Hatsi kuwa kada ya wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 a ci ɗaya, a raba shi sau biyu ko uku, a ɓarza ko a jiƙa. Dukushi mai kyau shi ne wanda ba ka ganin haƙarƙarinsa amma kana jin su da ka shafa. Wanda ya yi ɓul-ɓul gaɓoɓinsa ne ke biya.

Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Gyauron dawa ɗanye guba ne. Abincin kaji kada ya kusanci barga, don wani maganin da ake sa wa cikinsa yana kashe doki ko da kaɗan ne. Kada a zuba ci a kan yashi, yana taruwa a hanji ya jawo murɗar ciki. Ruwa ya kasance a gabansa koyaushe, da gishirin lasa. Kanwa a yi ta da sauƙi. Duk sauyin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda zuwa kwana 10. Yaye a wata 5 zuwa 6, bayan ya iya cin abincinsa, kuma a bar shi da abokin zama, ko da jaki ne.

Tsutsar da ta fi damun dukushi ita ce doguwar farar nan mai kauri, wadda ke sa tumbi, gashi ya tashi, da tari. A fara magani a wata 2 zuwa 3 da wanda aka rubuta Fenbendazole a jikinsa, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin dukushin, a maimaita kafin yaye. Dalilai biyu ne suka sa ake fifita shi kan maganin Ivermectin a wannan lokaci: a wurare da yawa tsutsar ta daina jin Ivermectin, sannan maganin da ke kashe su gaba ɗaya lokaci guda yana iya toshe hanjin ɗan da cikinsa ya cika da su. Kwashe kashi kullum ya fi rabin magani. Kaska kuma a cire ta, don tana kawo zazzaɓi mai sa ido ya yi rawaya, amma a kiyaye: maganin kaskar shanu mai ɗauke da Amitraz yana tsayar da hanjin doki, yana iya kashe shi. Rigakafin sarƙewar haƙora na kansa yana farawa a wata 4 zuwa 6, allura biyu da tazarar mako 4 zuwa 6, sannan ƙari yadda likita ya tsara. Da damina da ƙarshenta akwai annobar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa. Alamarta zazzaɓi, kumburi a ramin saman ido, da kumfa a hanci. A shigar da dawaki ɗaki kafin faɗuwar rana, a tambayi likita batun rigakafi tun kafin ruwa ya sauka.

Wanda ya sayo dukushi a kasuwa irin ta Maigatari ya ware shi mako 3 kafin ya haɗa shi da na gida, kuma ya duba baki maimakon ya saurari dillali. Haƙoran nono ƙanana ne farare. A haƙoran gaba, na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. In duk na nono ne, wannan bai isa hawa ba komai tsayinsa, domin gaɓar gwiwa ba ta gama haɗewa sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, ƙashin baya kuwa sai 5 ko fiye.

Daga shekara 2 ana iya fara zagaye da doguwar igiya, da'ira mai faɗi, minti 10, dama da hagu daidai, yana koyon murya: tafi, tsaya. Sannan shimfiɗa a baya, sannan majayi, a ɗaure shi sako-sako a yi 'yan taku a ƙara matsewa kaɗan. Wanda aka matse wa majayi gaba ɗaya a ranar farko shi ne ke tutsu duk lokacin da ya ga sirdi. Sirdi ya zauna ba tare da ya taɓa ƙashin saman kafaɗa ba, a bar likkafa ta riƙa kaɗawa har ya daina kula ta. Linzamin farko ya zama mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya. Linzaminmu na gargajiya mai zobe da ke zagaye haɓa na dokin da ya gama horo ne a hannun gwani. A bakin dukushi yanka yake yi, bakin da ya warke da tabo kuma shi ne ake kira mai taurin baki. Kafin kowa ya hau, a tuƙa shi daga ƙasa da kamazuru dogaye biyu har ya san juyawa da tsayawa.

Hawa a shekara 3. Mutum biyu ake so, ɗaya riƙe da kai. Mahayi mara nauyi ya fara kwantar da cikinsa a kan sirdi ya sauka, ta dama da ta hagu, na wasu kwanaki, sannan ya zauna a hankali ba tare da ƙafarsa ta bugi kuturi ba. A ja su tafiya, minti 10 zuwa 15, kwana 3 ko 4 a mako. Babu ƙaimi. Sassarfa sai bayan makonni, sukuwa mai tsanani da zamiya kuwa a bari sai ya haura shekara 4, don su ne ke cin gaɓoɓin baya. Mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin.

Dokin da za a kai hawan sallah sai ya saba da ganga, algaita, kakaki, ƙarar bindiga da walƙiyar laima. A fara daga nesa yana cin harawarsa, a matso kaɗan-kaɗan, da ya ɗaga kai ya ƙame a tsaya nan har ya koma ci. Sallarsa ta farko a ja shi a gefen taro tare da tsohon doki mai natsuwa, ba kowa a bayansa. In kuma dukushin da ke tafiya lafiya ya wayi gari yana kaɗa kai ko yana ƙin sirdi, a buɗe bakinsa a duba haƙorin nono da ya maƙale ko ƙaramin haƙorin da ke gaban turame inda linzami ke gogawa, a danna bayansa da yatsu daga kafaɗa zuwa ƙugu. In ya lanƙwashe ko aka ji wuri mai zafi, a sauke sirdi har wurin ya warke sarai, sannan a gyara shimfiɗar da ta jawo shi.