Godiya ga mutanen hanyar Kaita da Buza

Assalamu alaikum jama'ar Tawa da kewaye, da 'yan'uwa na nesa da suka yi ta bugo waya suna tambayar jiki.

Abin da kowa ke son ji shi zan fara faɗa: ƙanina da ya faɗi a moto a kwarin Majiya yana gida, an sallame shi daga asibiti. Karaya ce a sangalin ƙafar dama, da ƙuna a ɗaya ƙafar inda bututun hayaƙi ya kwanta masa. Likita ya ce ƙashin zai haɗe lafiya in ya yi haƙurin zama wuri ɗaya, kuma duk wanda ya san yaron nan ya san zaman ne zai fi ba shi wuya. Alhamdu lillahi. Na rubuta wannan ne don ba zan iya bin kowa gida-gida ba, kuma mafi yawan waɗanda suka fi cancantar godiyar ba su da lambata, ni ma ba ni da tasu.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu 'yan fada ɗaya ne. Akwai tela a cikinmu, akwai malamin lakkol, da mai gyaran waya, da ɗan kabu-kabu wanda duk mako a kan moto yake neman abinci amma ranar hutunsa ma moton yake hawa. Ba manyan injuna gare mu ba, irin 125 ɗin nan ne da kowa ke hawa cikin gari. Abin da muka saba shi ne mu kama hanyar Agadas da sassafe mu tafi Tabalak, wajen kilomita 50, mu zauna bakin tafki mu ci soyayyar karfasa, mu komo kafin Magariba. Bana da aka gama kaka, sanyi ya fara shigowa, muka ce bari mu zagaya Adar ɗin da muke taƙama da ita alhali rabinmu ba su san bayan Tamaske ba: Kaita, Buza, Madawa, mu biyo babbar hanya ta Galmi da Malbaza, mu karya a Tsarnawa mu komo ta Badagishiri.

Godiyar farko ta makaniken unguwarmu ce. Shi ya tsare mu ranar jajibirin tafiya ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ya ja sarƙa, ya duba birki, ya canja wa wasu baƙin mai, ya kuma ƙi barin ɗayanmu ya tafi da tayar gaba da ta suɗe har zare ya fito. Sai da aka yi 'yar jayayya, Oga ya ɗauke makullin ya sa aljihu ya ci gaba da aikinsa. Dole aka sayo taya. Ya haɗa mana da tuyub biyu, faci, famfo da fulogi a leda, bai karɓi ko dala kan wannan ba.

Sai jandarmomi da 'yan sandan da muka tarar a shingaye. Kowa ya san halin da moto ya shiga a ƙasar nan. A 2017 aka sa Tiliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci, a wasu yankunan Tillaberi kuma an hana hawan moto gaba ɗaya saboda aika-aikar da 'yan bindiga ke yi a kansa. Don haka ayarin samari a kan motoci cikin daji abu ne da dole a tsaya a duba, mu ma ba mu ga laifin kowa ba. Mun tafi da katin ɗan ƙasa da takardun kowane moto, mun faɗi inda muka fito da inda za mu kwana. Suka bincika jakunkuna, suka rubuta, suka ja mana kunne kada mu yi tafiyar dare, kuma duk garin da muka sauka mu fara gaida maigari. Shawarar nan ta biyu ta yi mana rana fiye da yadda mai ba da ita ya zata. Allah ya tsare ku a bakin aikinku.

Wanda bai taɓa gangarowa kwarin Kaita a kan moto da hantsi ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. A mota gilashi ne tsakaninka da ƙasa. A moto kuwa kana saman fako, iska busasshiya tana dukan fuska, ko'ina baƙin dutse, sai hanya ta karkata ta fara sauka, nan take ka ji sanyi ya taso daga ƙasa ya shiga hannun riga, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga garake inda ake dashen albasa. Gawo ya fara fitar da ganye, shi da sai damina ta wuce yake yin kore. Rumbunan Adar manya, masu tumbi, an cika su an shafe baki. Muka riƙa tsayawa ba don komai ba sai don kallo, har mai gyaran wayarmu ya fara mita wai mai muke ƙonawa a banza wajen kashewa da tayarwa.

A wani gari kafin Kaita muka sauka shan ruwa, wata tsohuwa ta fito mana da hura a ƙwarya. Ta dube mu da huluna da ƙura ta ce, "Ɗiyana, mi kuka taho biɗa cikin duwatsun ga?" Muka ce kallo kawai, Inna. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce to ku kalla da kyau, don da kanmu muka ɗauko su. Ta nuna mana jerin duwatsun da suka bi gefen tudu layi-layi, da itatuwan da suka tsaya a bayansu. Tana cikin matan da suka yi aikin Furojen Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya bayan farin da ya kori mazaje zuwa ci-rani. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, ana biyansu da abinci: su haƙa ramuka a kan fako, su jera dutse ya tare ruwa, su dasa itace. Miliyoyin itatuwa aka dasa a haka. Mu mun taso muna jin sunan furojen a rediyo, amma ba mu taɓa ganin tafin hannun wadda ta yi shi ba sai ranar. Inna, hurarki ta kai mu har Buza. Allah ya ba ki aljanna.

Mutanen Buza da suka sauke mu, suka ba mu zaure da tabarmi, suka shigar da motocinmu cikin gida don kada su kwana a waje, mun gode. Mai gidan ya tashe mu da asuba da kunu mai zafi, ya kuma haɗa mu da yaronsa ya nuna mana hanyar da ke sauka Majiya, inda layukan dogonyaro suka ratsa gonaki, bibbiyu a jere, tazara kamar mita 100 tsakanin layi da layi. Tun 1975 aka fara dasa su don su karya iskar da ke kwashe ƙasar noma. Tafiya a gindinsu da safe, inuwa da rana suna musanya a kan tankin mai, ita ce awa mafi daɗi a tafiyar duka. A ƙarshenta kuma abin ya faru.

Mun bar babbar hanya muna bin wata 'yar turba ta amalanke. Akwai ƙorama da ta bushe a gaba, yashi ne mai laushi, ƙarƙashinsa dutse. Ƙanina yana tsakiyar ayari. Tayar gabansa ta nutse, kan moton ya murɗe, ya faɗi gefe, moton ya danne ƙafar a kan dutse. Ba gudu yake ba, ko kusa. Ina bayansa, na ji ƙarar da ƙashin ya yi kafin in ji ihunsa.

Hular kwanonsa tana nan a ɗakina. Ta tsage daga saman kunnen dama har ƙeya, akwai ɗan tsinin dutse da ya maƙale a cikin tsagar, ban cire shi ba. Samarin Tawa da ke rataye hula a madubi, ko ku ce zafi, ko ku ce tana ɓata gyaran gashi, ƙofata a buɗe take, ku zo ku gani. Ba wa'azi zan yi muku ba, zan miƙa muku ita ku juya ta a hannunku.

Wurin babu rezo ko sanda ɗaya. Wani yaro makiyayi, bai fi shekara goma sha biyu ba, shi ya fara isowa. Ya bar awakinsa ya karɓi wayata ba tare da dogon bayani ba, ya haye wani tudu da ya san ana samun kira a kansa, ya kira lambar da na nuna masa, sannan ya sheƙa gari da gudu. Kafin mu gama ɗaga moton daga kan ƙafar, sai ga mutane suna gangarowa, wasu da lauje a hannu daga gona, wata mata da tulun ruwa, wani da tabarma. Da yake mun tsaya mun gaida maigarinsu da safen nan, babu wanda ya tsaya tambayar su wane ne mu. Cewa kawai suke yi baƙin maigari ne suka faɗi.

Baba maɗori, kai ne na fi son wannan saƙo ya iske. Ya zo a hankali da sandarsa, ya durƙusa, ya shafa ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu yana kallon fuskar yaron, bai kalli ƙafar ba. Ya sa aka fasa kara aka feƙe, ya yage rawaninsa biyu, ya jera karan ya ɗaure sama da ƙasan karayar. Mutane suka fara cewa a kai shi gidansa a yi ɗori a gama. Ya ɗaga hannu ya ce a'a, akwai rauni a buɗe kusa da ƙashin, wannan na likita ne, a kai shi a ɗauki hoto. Na san masu sana'a da yawa, na gargajiya da na boko, da ba za su iya furta wannan kalma ba a gaban jama'arsu. Da muka isa asibiti, wanda ya kwance ɗaurin sai da ya tambayi wa ya yi shi, ya ce da ƙafar ta yi ta lilo a hanya da labarin ya canja. Na miƙa wa Baba abin da ke aljihuna ya ture hannuna, ya ce in saya wa yaron madara.

Mai amalanken shanu da ya sauke damman hatsinsa a gefen turba, a fili, ba mai tsaro, ya shimfiɗa kara da tabarma aka kwantar da ƙanina, ya ja shanun a hankali yana kauce wa kowane rami har bakin hanya: Allah ya sa ka tarar da hatsinka yadda ka bar shi, ya ninka maka shi baɗi. Majo na ƙaramin gidan likita da ya bar abincinsa ya wanke ƙunar, ya yi allurar kashe zafi da ta tetanus, ya rubuta mana takardar wucewa gaba, mun gode. Direban da ya sauke wasu buhunansa ya yi mana wuri a bayan mota, fasinjojinsa kuma ba wanda ya yi tsaki duk da mun ɓata musu lokaci, mun gode. Ma'aikatan asibitin da suka karɓe mu cikin dare, da mai shara da ta nuna mini inda zan sami ruwan zafi, Allah ya saka.

Abokan tafiyata, ku ba sai na ce komai ba, amma zan ce. Ɗaya ya koma da ƙafa ya turo moton da ya faɗi har gari. Sauran suka kwana a Madawa, washegari suka biyo ta Galmi da Malbaza suka komo da motocinmu biyu, suna karɓa-karɓa. An ce mini ko a hakan sai da suka tsaya sayen kilishin Madawa, wai na mara lafiya ne. Rabinsa dai ya iso.

'Yan'uwa na Abijan, na Libiya, na Yamai da na Sakkwato da suka turo taimako ta kamfanonin aika kuɗi na Nita da Amana tun ban buɗe baki na roƙa ba, na ga kowane saƙo, na rubuta a littafi, Inna mahaifiyarmu ta sa an karanta mata sunayenku ɗaya-ɗaya ta yi muku addu'a. Maƙwabta da suka riƙa aiko da abinci asibiti har muka rasa inda za mu ajiye kwanoni, kwanoninku suna gida an wanke, a aiko yara su ɗauka, don ni ban san na wa ne na wa ba.

Inna kuwa, tun farko ba ta so tafiyar ba. Da aka shigo da shi ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ta ce, "Kun ci abinci?" Har yau ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Allah ya bar mana ke.

Akwai kuma waɗanda suka zo dubiya suka ce ai ga irinta nan, mutum da lafiyarsa ya tafi yawon banza cikin duwatsu. Na gode da zuwanku, kuma na san ƙauna ce ta sa kuka faɗa. Sai dai ban yarda yawon banza ne ba. Cikin garin nan kullum ana kai waɗanda suka faɗi a moto asibiti, daga gida zuwa kasuwa kawai suka fita. Shi mai ƙafar ma tun yana gadon asibiti yake tambaya ko an gyara masa kan moton, don ba mu kai ga ganin rudun albasar Galmi tare da shi ba. Na ce ya bari Inna ta fita tukuna kafin ya sake wannan magana.

Masu son zuwa dubiya, bayan La'asar ya fi, da safe yana barci saboda magani.

Roƙo ɗaya gare ni ga mutanen Buza da na Majiya da ke karanta wannan. Tabarmar mai amalanke da rabin rawanin Baba maɗori suna wurina, na kuma sayi sabon rawani na haɗa. Yaron makiyayin nan ma akwai ɗan abin da 'yan fada suka tara masa. Duk mai zuwa wajen ranar kasuwa, ko wanda ya ji labarin samarin Tawa da suka faɗi a ƙorama bayan kaka, ya yi mini magana ta akwatin saƙo in ba shi kwatancen garin ya kai musu.

Wassalamu alaikum.