Abin da faifan disko ya koya min a kan saurin kiɗa

A Jos na koyi aikin DJ, a hannun wani dattijo da tun zamanin faifan garmaho yake sa kiɗa a kulob, mu dai Oga muke ce masa. Na je wajensa da laftof ɗina da manhajar haɗa kiɗa ta VirtualDJ a ciki, ina ganin ai na riga na iya tunda a ɗaki ina haɗa waƙa da waƙa abokai suna ta yabawa. Bai hana ni ba, bai kuma yaba ba, sai ya ɗora ni a kan ɗaukar akwatin faifai da jona wayoyin sifika har kusan wata uku. Aikin farko da ya ba ni wanda ya shafi kiɗa kuwa lissafi ne. Ya miƙo min agogon hannunsa da biro, ya ce in sa faifai ɗaya bayan ɗaya, in ƙirga bugun babbar ganga na sakan 15, in ninka sau huɗu, in rubuta abin da na samu a jikin kwalin.

Wannan lambar ita ce BPM da kowane DJ yake ambata, wato bugu nawa ne a minti ɗaya. In ka ƙirga 30 a sakan 15 toh waƙar tana kan 120 ke nan, bugu biyu duk sakan ɗaya. Na ce masa Oga ai kwamfuta tana nuna wannan da kanta, ya ce eh ya sani, amma ita kwamfutar ba ta da ƙafa. Kwana da kwanaki ina zaune a bayan kulob da rana, babu kowa sai masu shara, ina ƙirga ina rubutawa, sai da ta kai in na ji waƙa a tasha ko a shagon aski bakina yake faɗin lambarta tun kafin in yi tunani. Yawancin faifan diskonsa tsakanin 110 da 130 suka faɗo, kiɗan haus da ya biyo bayan disko yana wajen 120 zuwa 128, hip-hop can ƙasa 85 zuwa 100, tekno kuma sama da su duka.

Daren da ya fara bar min fili wata Asabar ce wajen sha ɗaya, ya ce zai je ya dawo. Ya bar mutane a kan 112, wani tsohon disko mai goge da ƙaho, fili bai cika ba amma ana ta shigowa, wasu na rausaya a kujera da kofi a hannu. Ni a lokacin abin da na yarda da shi shi ne sauri shi ne zafi, in kana son wuri ya kama wuta ka ƙara gudu kawai. Cikin waƙa uku na kai su 128. Kuma wallahi da farko abin ya yi kaman ya ci, samari suka yi ihu suka cika tsakiya, na ji daɗi sosai. Minti ashirin ba a yi ba na fara ganin fili yana raguwa ta gefe. Akwai wata mata da na riƙe a raina har yau, ta sha atamfa da ɗauri, ita da mijinta tun ɗazu suke rawa a hankali kusa da sifikar hagu, na ga ta gwada bin sabon saurin, ta kasa, ta koma kujera ta cire takalminta mai tsini ta ajiye a gefe tana fifita da jaka. Ba ta sake tashi ba har suka tafi. Kafin sha biyu da rabi samarin ma sun gaji sun fita shan iska, ni kuma ba ni da inda zan je, na riga na ƙure sama tun dare bai raba ba, in na sauko a ji kaman an kashe janareta, in na tsaya a nan babu mai ƙarfin bi.

Oga da ya dawo bai min faɗa a gaban mutane ba. Ya bar waƙar ta ƙare, ya yi shiru na ɗan lokaci har aka fara waige, sannan ya sa wani abu mai sanyi a kan 105 ya fara gini daga tushe. Washegari ne ya zaunar da ni ya ce, yaro, ka taɓa ganin mai kalangu a gidan biki? Na ce sosai. Ya ce ina idonsa yake in yana kiɗa? Na yi shiru ina tunowa, gaskiya idon mai kalangu a ƙafar mai rawa yake, in ta ɗaga ya ɗaga, in ya ga numfashinta ya fara nauyi ya sassauta mata ta huta a cikin rawar ba tare da ta fita fili ba. Ya ce toh ni daren jiya idona a kan allon laftof yake. Maganar ta zauna min don na san haka aka yi, matar nan na gan ta ne bayan na riga na rasa ta.

Daga baya da na shiga cikin 'yan sana'a a Jos da Abuja na ga kowa da inda ransa yake kwanciya, kuma musu ne da ba ya ƙarewa in an haɗu wajen mai shayi da asuba bayan an tashi aiki. Akwai waɗanda ba sa son wuce 118 zuwa 122, suna cewa nan ne disko da haus suke gaisawa, mai shekara hamsin zai iya, ɗan jami'a ma ba zai ce an yi sanyi ba, kuma mutum zai yi awa biyu a fili bai nemi kujera ba. Akwai 'yan 124 zuwa 128, yawanci matasa masu son kiɗan Turai na zamani, su a wajensu duk abin da ke ƙasa da haka buɗe fage ne kawai. Sai kuma waɗanda amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu, ta canja wa kunne, tunda ita wajen 112 ko 113 take zama, suka dawo da dare gaba ɗaya ƙasa, kuma abin sha'awa wannan ya buɗe wa tsohon disko mai nauyi ƙofa, don akwai faifai da yawa a wannan gudun da da can ba a samun inda za a sa su. Ni dai ina tare da 'yan farko. Ina buɗewa a 105 zuwa 110, in zauna tsakanin 116 da 122 mafi yawan dare, in leƙa 125 ko 126 na rabin awa wajen ƙarfe biyu in na ga jiki ya ɗauka, sannan in dawo. Kuma hawan nan ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu nake yinsa, yanda mai rawa ba zai san an ƙara masa ba sai dai ya ji gumi.

Amma abin da ya fi wahalar da ni, kuma ya fi koya min, shi ne haɗa diskon asali da kiɗan na'ura. Diskon shekarun 1970 mutum ne yake zaune a kan ganga a situdiyo, irin su Earl Young na Filadelfiya wanda ake danganta wa wannan dum dum dum dum ɗin na bugu huɗu a jere. Mutum kuwa yana numfashi. Waƙa za ta fara a 117, in an zo amshi zumuɗi ya ɗebi mai ganga ya kai 119 ko 120, in an koma baiti ya ɗan ja baya. Shi kuma haus na'ura ce take bugawa, irin TR-909 da kamfanin Roland ya fitar a 1983, in an ce mata 122 toh 122 ɗin ne har gobe. Ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka ji sun zauna daram, ka ɗauke hannu na sakan goma, sai ka ji sun fara rabuwa. Bambancin bugu ɗaya tak a minti yana nufin cikin minti ɗaya ɗayan ya tsere wa ɗayan da cikakken bugu, kuma kunne yana kama ɓarnar tun kafin a yi kwatan haka. In haɗi ya yi kyau kaman lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya kowa ta san lokacin saukar taɓaryarta. In ya ɓaci kuwa taɓarya ce take dukan taɓarya, kuma ko wanda bai san komai a kiɗa ba zai ɗago kai ya kalle ka.

A nan maɓallin Sync, wanda ke daidaita bugun waƙa biyu da kansa, ba ya ceton kowa, don manhajar tana shimfiɗa layukanta ne a kan zaton gudun waƙa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wani lokacin ma ta karanta maka rabi ko ninki. Oga a kan na'urorin juya faifai Technics SL-1200 ɗinsa guda biyu ya koya min, samfurin MK2 da ya fito a 1979, mai ɗan makullin nan na gefen dama da muke ce wa fici, ka jawo shi wajenka gudu ya ƙaru, ka tura shi gaba ya ragu, iyakarsa kashi 8 cikin ɗari kowane ɓangare. Hedifon a kunne ɗaya, ɗayan kunnen a sifika, hannun dama a kan fici, ɗan yatsan hagu yana shafar gefen faranti in ya yi gaba ko ya ɗan tura takardar tsakiyar faifai in ya yi baya. Hannunsa ba ya hutawa sam har haɗin ya wuce. Ya kuma koya min kada in daɗe, in tsohon disko ne bugu 16 ko 32 sun isa, a 120 bugu 32 sakan 16 ne kacal, ka nemi inda ganga take ita kaɗai ka shiga ka fita.

Da na fara karance-karance a kan tarihin abin sai na ga ashe wahalar tsohuwa ce. Francis Grasso a kulob ɗin Sanctuary na birnin New York tun ƙarshen shekarun 1960 yake daidaita bugun faifai biyu da kunne, da kayan da ba su kai namu ba ko kusa. David Mancuso da ya fara tara mutane a gidansa, The Loft, a 1970, shi daga baya ma barin haɗawar ya yi, yana sa waƙa daga farkonta har ƙarshenta a gudun da masu ita suka yi ta, kuma mutane suna kwana suna rawa. Frankie Knuckles kuma a kulob ɗin Warehouse na Chicago daga 1977, da kamfanoni suka ja baya da disko bayan 1979, sai ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙi a tef yana tsawaita wuraren da ake so, daga baya ya ƙara da na'urar ganga a ƙarƙashinsu. Labarin Mancuso ya fi taɓa ni, don shi ya sa na daina jin kunyar barin waƙa ta ƙare. In gudun biyu sun yi nisa da juna, in bar ta ta mutu, a yi tafi, in ta da wata.

Wani abin da na koya da tsada shi ne murya. Akwai lokacin da nake son dole sai na sa wata waƙar disko mai 113 a tsakiyar 124, na ja fici har ƙarshe, ko a hakan 122 kawai ta kai, kuma matar da ke waƙar, mai murya cikakkiya irin ta coci, ta koma kaman yarinya 'yar firamare. Ƙarin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga murya kusan mataki ɗaya cur a kan fiyano. Wani dattijo ya taso har inda nake ya ce ɗana, wannan waƙar da ita muka yi samartaka, don Allah ka mayar mata da muryarta. Na ji nauyin maganar ƙwarai, don shi ba lamba ya zo ji ba, matar ya zo ji. Yanzu na'urorin Pioneer suna da Master Tempo da ke riƙe murya a inda take ko an ƙara gudu, yana taimako, amma in ka matsa da yawa ganga tana rasa ƙarfinta, goge kuma ya riƙa rawa kaman ana jinsa ta cikin ruwa. Dokar da na sa wa kaina ita ce kashi 3 ko 4 a kan duk waƙar da ke da murya. In 113 da 124 ne sai in sauko da na saman a hankali cikin waƙa biyu ko uku, in ɗaga na ƙasan kaɗan, su haɗu a wajen 117 ko 118.

Kuma lambar ma ba ta faɗin komai da komai. Amapiano a 112 tafiya take da nauyi, ƙugu ne yake aiki, amma disko a 112 ɗin nan dai, da ƙananan kuge suna ta cas cas cas a sama da goge yana gudu, sai ka rantse ya fi ta sauri nesa. Na sha sa waƙa mai 120 bayan mai 123 fili ya ƙara zafi, don bes ɗinta ya fi cika. Shi ya sa yanzu in ina shirya kaya da rana, bayan lamba ina ƙara kalma ɗaya ko biyu a gefe, mai nauyi, mai iska, ta mata, ta ƙarfe uku.

Oga ya bar aiki yanzu, gwiwa ta hana shi tsayuwar dare, ya ba ni akwati ɗaya cikin faifansa. Akwai wani a ciki da har yau in zan haɗa shi sai gabana ya faɗi, don mai gangar yana tashi sosai bayan an yi hutun tsakiya. A jikin kwalin akwai rubutuna na wancan lokacin, 117, da shuɗin biro. A ƙasa kuma da jan biro akwai nasa, ban ma san sanda ya rubuta ba sai da na kawo akwatin gida: bayan minti uku 120, kar ka ɗauke yatsa.