Daga Leicester zuwa Breedon, ido a kan allunan hanya

Da hantsi muka bar birnin Leicester na ƙasar Ingila a mota, muka bi kwarin kogin Wreake zuwa Melton Mowbray. Ba mu yi nisa ba allunan bakin hanya suka fara maimaita kansu: Rotherby, Brooksby, Hoby, Frisby, Asfordby. Kowane ƙauye da "by" a wutsiyarsa. A harshen Vikings, mayaƙan da suka ƙetaro teku daga Denmark, kalmar tana nufin gona ko ƙauye. Babbar rundunarsu ta sauka Ingila a 865, daga baya suka raba filaye suka kama noma, Leicester kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwansu biyar. Yau ba ka ganin gininsu a kwarin nan, sunayen ne kaɗai suka rage, kamar yadda Ruga ko Tunga ke gaya maka wa ya fara kafa wuri a ƙasarmu.

Grimston, wani ɗan ƙauye kusa da Melton, ya fi ba ni sha'awa. Grim sunan mutum ne na Vikings, "ton" kuwa tsohon Turanci ne mai nufin gona. Masana na ganin ƙauyen 'yan ƙasa ne baƙo ya karɓe, ya liƙa masa sunansa, sauran ya bar shi yadda ya tarar.

Melton ba mu daɗe ba. Mowbray ɗin ma sunan wasu iyayen gida ne Normawa, mutanen arewacin Faransa, cikin waɗanda suka mallaki ƙasar bayan sun mamaye Ingila a 1066. Haka Ashby de la Zouch da muka ratsa da la'asar: itacen ash, da "by" ta Vikings, da sunan iyalin da garin ya koma hannunsu a ƙarni na 12.

Sai Breedon on the Hill, inda na yi dariya har direba ya waiwayo. "Bre" tudu ne a harshen Celtawa, mazauna ƙasar na dā. Anglo-Saxon, masu magana da tsohon Turanci, suka zo, ba su gane ba, suka ƙara "dun", shi ma tudu. Na bayansu suka sake ƙara "on the Hill", wato a kan tudu. Tudu sau uku ke nan! Na hau har coci da ke ƙololuwa, inda aka kafa gidan sufaye tun ƙarni na 7, na leƙa ƙasa, sai ga masu fasa dutse sun cinye gefe guda na tudun.