Abin da Sharuɗɗa 18 na Iraƙi Suka Koya Mini Game da Auna Sulhu da Tsaro

A watan Mayun 2007 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da ƙarin kuɗin yaƙin Iraƙi, amma ta haɗa shi da jerin sharuɗɗa 18 da ake so gwamnatin Firaminista Nuri al-Maliki ta cika, ta kuma wajabta wa Shugaba George W. Bush ya kawo mata rahoto a watan Yuli da kuma Satumba kan inda aka kwana. A cikin sharuɗɗan akwai gyaran kundin tsarin mulki, da dokar raba arzikin man fetur, da dokar sassauta wa tsofaffin 'yan jam'iyyar Ba'as ta Saddam Husaini, da afuwa, da zaɓen larduna, da kwance ɗamarar mayaƙan sa-kai, da rage kashe-kashen ɗariƙa, da kashe dala biliyan 10 na kuɗin Iraƙi wajen sake gina ƙasa ba tare da nuna bambanci ba. Na ɗauki lokaci mai tsawo a karatuna na nazarin rikici da sasantawa ina bin waɗannan rahotanni ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na fahimta daga cikinsu ya sauya yadda nake karanta duk wani jadawali da ke iƙirarin nuna cewa wata ƙasa mai fama da yaƙi ta kama hanyar zaman lafiya.

Abu na farko da ya ja hankalina shi ne yadda hukumomi biyu na gwamnati ɗaya suka dubi ƙasa ɗaya a cikin makonni kaɗan, kowacce ta fito da sakamako dabam. Rahoton Fadar White House na watan Yuli ya ce ana samun ci gaba mai gamsarwa a sharuɗɗa 8, ba a samu ba a 8, sauran 2 kuma al'amarinsu a cakuɗe yake. A farkon Satumba ofishin binciken ayyukan gwamnati da ke yi wa Majalisa aiki, wanda aka fi sani da GAO, ya ce sharuɗɗa 3 kacal aka cika, an cika wani ɓangare na 4, ba a cika 11 ba. Babu wanda ya ƙirƙiro ƙarya a cikinsu. Tambayar da kowannensu ya yi ce ta bambanta: fadar tana tambaya ko an doshi inda ake so, ofishin binciken kuwa yana tambaya ko an isa. Kalmar "mai gamsarwa" tana barin ƙofa a buɗe, domin ba ta faɗi wanda ya gamsu ba, ga shi kuma gwamnatin da ta tura ƙarin sojoji kusan 30,000 a wannan shekarar ita ce ke ba da makin da zai nuna ko turawar ta yi amfani, wato ita ke kiɗanta, ita ke rawarta. Tun daga nan ban ƙara duba sakamakon wani rahoto ba sai na fara gano wanda ya tsara tambayar da kuma abin da zai rasa idan amsar ta zo babu daɗi.

Sharuɗɗa ukun da ofishin binciken ya ce an cika su ma abin lura ne. An kafa kwamitocin tallafa wa shirin tsaron Bagadaza, an buɗe ofisoshin tsaro na haɗin gwiwa a unguwannin birnin, an kuma tanadi kariya ga haƙƙin ƙananan jam'iyyu a majalisar dokoki. Dukkansu ayyuka ne da ake iya gamawa da umarni da takarda da gini, ba tare da wani ɓangare ya sadaukar da komai ba. A daidai lokacin da ake lissafa kariyar ƙananan jam'iyyu a matsayin nasara, babbar ƙungiyar siyasar 'yan Sunni, wato Tawafuƙ, ta riga ta janye ministocinta daga gwamnati tun ranar 1 ga Agusta, magoya bayan malamin Shi'a Muƙtada al-Sadr kuma sun janye nasu tun watan Afrilu. Jadawalin ya ba kafa kwamiti gurbi ɗaya, ya ba dokar man fetur gurbi ɗaya, alhali dokar ita ce za ta fayyace yadda Larabawa 'yan Shi'a na kudu mai arzikin mai, da Kurdawan arewa, da 'yan Sunni na yammaci waɗanda yankinsu ba shi da rijiyoyi masu yawa, za su ci daga tukunya ɗaya. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun ya ce an ci ɗaya cikin biyu, lissafinsa daidai ne amma bai faɗi komai game da Iraƙi ba.

Inda na fi daɗewa shi ne batun 'yan Ba'as, domin a nan ne na ga yadda ake cika sharaɗi a takarda alhali abin da aka kafa sharaɗin dominsa yana ƙara lalacewa. A watan Mayun 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora a kan mulkin Iraƙi bayan kifar da Saddam Husaini, ya sa hannu a kan umarni biyu: na farko ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati, na biyu ya rusa rundunar sojan ƙasar. Dubban malamai da likitoci da ma'aikata, waɗanda da yawansu sun shiga jam'iyyar ne don a lokacin babu hanyar samun ƙarin girma sai ta nan, suka wayi gari babu aiki, kuma 'yan Sunni suka ɗauki matakin a matsayin hukunci a kan al'ummarsu baki ɗaya. Saboda haka aka sa gyaran wannan tsari cikin sharuɗɗan. A watan Janairun 2008 majalisar Iraƙi ta zartar da sabuwar doka mai suna dokar bin diddigi da adalci, aka kuma yi ta shelar cewa an tsallake wani babban shinge.

Shekara biyu bayan haka, ana dab da zaɓen watan Maris na 2010, hukumar da ke aiwatar da wannan doka ta haramta wa 'yan takara kusan 500 tsayawa, ciki har da fitaccen ɗan siyasar Sunni Salih al-Mutlaƙ. Mutanen da ke jan ragamar hukumar, Ahmad Chalabi da Ali al-Lami, su kansu 'yan takara ne a wani ƙawancen da ke hamayya da waɗanda aka haramta wa. Dokar da aka rubuta a gurbin sulhu ta zama makamin kawar da abokan hamayya. A ganina laifin bai tsaya ga waɗanda suka aiwatar da ita ba, har da waɗanda suka tsara ma'aunin, domin sun tambayi ko an zartar da doka, ba su tambayi mutum nawa suka koma bakin aikinsu ba, ko tsofaffin hafsoshi nawa suka fara karɓar fansho, ko a hannun wa aka bar ikon fassara ta. Amsar waɗannan tambayoyi tana buƙatar shekaru da bin fayil ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa Majalisar Amurka tana son amsa kafin Satumba. Janar David Petraeus, kwamandan sojojin Amurka a Iraƙi a lokacin, da kansa ya sha faɗin cewa agogon Washington ya fi na Bagadaza sauri.

Wani abin da ya faru a watan Fabrairun 2008 ya ƙara nuna mini wannan. Majalisar Iraƙi ta zartar da kasafin kuɗi da dokar afuwa da dokar ikon larduna a ƙuri'a guda, saboda Kurdawa da 'yan Sunni da 'yan Shi'a kowanne yana tsoron idan ya goyi bayan dokar ɗan'uwansa tukuna, za a juya masa baya in an zo kan tasa. A jadawali wannan ci gaba ne a fanni fiye da ɗaya, kuma ban musa ba, ci gaba ne na gaske. Sai dai yadda aka yi shi shaida ce ƙarara cewa babu yarda a tsakaninsu, kuma babu gurbin da aka tanada don rubuta hakan.

Ɓangaren tsaro ya fi ruɗarwa, domin a can akwai alƙaluma, kuma alƙaluma suna sa mai karatu ya saki jiki. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Iraƙi ya ƙidaya fararen hula 34,452 da aka kashe a 2006, shekarar da aka tarwatsa hubbaren Askari mai tsarki ga 'yan Shi'a a Samarra a watan Fabrairu, rikicin ɗariƙa ya ɓarke. Zuwa ƙarshen 2007 kashe-kashen sun ragu ƙwarai, wannan babu shakka a cikinsa. Matsalar ita ce gano dalili. An ƙara sojojin Amurka, sun kuma fito daga manyan sansanoni sun zauna cikin unguwanni. Ƙabilun 'yan Sunni na lardin Anbar sun juya wa Alƙa'ida baya tun 2006 a yunƙurin da aka kira Sahwa. Muƙtada al-Sadr ya umarci mayaƙansa su tsagaita wuta a ƙarshen Agustan 2007. Sannan akwai dalili na huɗu wanda ba a son ambatonsa, shi ne cewa unguwannin Bagadaza da yawa da a da ake zaune a cakuɗe sun riga sun zama na ɗariƙa ɗaya.

Yadda hakan ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya karanta shaidar mazauna birnin. Magidanci zai buɗe ƙofa da safe ya tarar da ambulan a ƙasa, a ciki harsashi ɗaya da 'yar takarda mai ba shi wa'adin barin unguwa. Kafin dare ya kwashe iyalinsa da abin da mota za ta iya ɗauka, wani iyali daga ɗaya ɗariƙar, wanda shi ma koro shi aka yi daga wani wuri, ya shige gidan. Mutane suka riƙa yawo da katin shaida biyu, domin suna kamar Umar yana iya halaka mai shi a shingen bincike na wata unguwa. An kewaye Azamiyya, unguwar 'yan Sunni a Bagadaza, da katangar kankare a 2007. A watan da wannan magidanci ya tashi, adadin gawarwakin unguwarsu ya ragu, rahoto kuma ya nuna kibiya tana yin ƙasa. Ofishin binciken ya ƙi amincewa cewa an tabbatar da raguwar kisan ɗariƙa, bisa hujjar cewa kafin a kira kisa na ɗariƙa sai an san niyyar wanda ya aikata, kuma gawa ba ta bayyana niyya. Ina ganin wannan taka-tsantsan ya fi duk wani zane mai launi da aka nuna wa Majalisa daraja.

Saboda haka ma'aunin da na fi yarda da shi yanzu shi ne komawar waɗanda suka gudu. A wancan lokaci kimanin 'yan Iraƙi miliyan biyu suna gudun hijira a waje, akasarinsu a Siriya da Jodan, wasu kusan haka kuma sun rasa matsuguni a cikin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da zai mayar da 'ya'yansa unguwar da aka kore shi, wadda 'yan ɗariƙarsa suka zama tsiraru a cikinta, ya yi nazarin tsaro da ransa ne. Ko a nan sai an yi hattara, domin wasu sun dawo daga Siriya ne saboda kuɗinsu ya ƙare ko an tsaurara musu biza, kuma da yawansu ba gidajensu na asali suka koma ba.

Yawan sojoji da 'yan sanda da aka horar shi ne adadin da ya fi kowanne saurin hauhawa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. A Satumban 2007 wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Janar James Jones mai ritaya ya ba da shawarar a rusa rundunar 'yan sandan ƙasa a sake ta, saboda ɗariƙanci ya yi mata katutu. Ɗan sandan da ke sanye da kaki da rana, ya bi umarnin ƙungiyar mayaƙa da dare, ana ƙidaya shi a ɓangaren ci gaba. Da Mosul ta faɗa hannun mayaƙan Da'esh a watan Yunin 2014, rundunoni da suka ninka maharan sau da yawa a takarda suka watse, daga baya kuma Firaminista Haidar al-Abadi ya bayyana cewa an gano sojojin bogi 50,000 da ake biyan albashi da sunansu.

Abin da ya fi bayyana halin gwamnatin al-Maliki bai ma shiga cikin sharuɗɗan 18 ba. Mayaƙan Sahwa, waɗanda yawansu ya kai kusan 100,000 kuma Amurka ke biyan kowannensu kimanin dala 300 a wata, an miƙa al'amarinsu ga gwamnatin Iraƙi daga Oktoban 2008, bisa alƙawarin ɗaukar kashi 20 cikin ɗari aikin tsaro, sauran kuma a sama musu wasu ayyuka. Albashi ya riƙa jinkiri, aka kama wasu shugabanninsu, Alƙa'ida ta bi wasu ta kashe, da yawa kuma suka ƙare ba aiki ba kariya. Wanda ya bi diddigin takardar albashin waɗannan mutane wata bayan wata, da ya san makomar sulhun Iraƙi fiye da wanda ya haddace rahotannin duka, domin a nan ne mai ƙarfi ya samu damar cika alƙawari ga wanda ba shi da sauran abin matsa masa lamba.

Sojojin Amurka na ƙarshe sun fice ranar 18 ga Disamban 2011, washegari kuma aka bayyana sammacin kama Mataimakin Shugaban Ƙasa Tariƙ al-Hashimi, ɗan Sunni mafi girman muƙami a gwamnati. A Afrilun 2013 jami'an tsaro suka afka wa sansanin masu zanga-zanga 'yan Sunni a garin Hawija, mutane da dama suka mutu. Dokar man fetur da majalisar ministoci ta amince da daftarinta tun Fabrairun 2007 ba ta tsallake majalisar dokoki ba. Makomar Kirkuk mai arzikin mai da Kurdawa da gwamnatin tarayya ke taƙaddama a kai, wadda sashe na 140 na kundin tsarin mulki ya ce a yanke ta da ƙuri'ar raba gardama kafin ƙarshen 2007, ba ta da gurbi na kanta a cikin sharuɗɗan, ba a kuma yi ƙuri'ar ba, sai a Oktoban 2017 sojojin gwamnatin tarayya suka karɓe birnin daga hannun dakarun Kurdawa, makonni uku bayan ƙuri'ar neman 'yancin kai da Kurdawan suka gudanar.