Camry da ta ƙi motsi a hanyar Bodinga, da abin da na tarar a giyarta

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2004, wadda ake ce wa Big Daddy, mai giya otomatik. An jawo ta daga hanyar Bodinga zuwa garejinmu a Arkilla, inji na tashi lafiya, amma ko an sa D ta gaba ko R ta baya sai ƙugi kawai. Mai ita ya ce, "Malam, an ce min giyabos ya mutu, in nemi na Beljiyam." Na ce, "Alhaji, a dakata da sayayya tukuna."

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na sa yaro ya motsa sandar giya, ni kuma ina kallon hannun da kebul ke ja a jikin giyabos. Robar bakin kebul ɗin kan cinye ta fita, sanda ta tafi D, giya na zaune a N. Wannan lafiya lau. Sai shaf, ƙarafan nan biyu da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin gaba: idan ɗaya ya karye ko haƙoransa suka cinye, ƙarfin duka yana zurarewa ta wannan ɓangaren, za ka ga allurar gudu na hawa mota na tsaye, kuma ko a P tana gangarawa in an tura. Nan ma babu komai.

Daga nan mai. A Toyota ana auna man giya inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, man ya yi zafi, an zagaya da sanda kowace giya an dawo P. Honda Accord kuwa sai an kashe inji ake aunawa nan take, kuma yara da yawa na haɗa su biyun. Man bai ragu ba, sai dai ya bar ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan ƙauri. Da ya zama kamar madara mai ja-ja, da lagireto zan nufa, don ta cikinta bututun sanyaya man ke bi, in ya huje ruwa ya shiga.

A nan na yi kuskuren da ya cinye min rabin yini. Motar ta kwana ta huce, da safe na sa D ta ja kamar ba ita ba, har na fara zargin waya da na'ura. Kwamfutar bincike ba ta nuna wani abin kirki ba. Dama solenoyid, wato bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa man giya hanya, in ya lalace yawanci mota kan maƙale ne a giya ɗaya, ba kasafai yake hana ta motsi gaba da baya ba. Tambayar da ya kamata in yi tun farko ita ce yadda ta tsaya. Da na kira Alhaji ya ce tana tafiya minti goma sai ta saki, in ya kashe ta ya jira kaɗan ta sake ja, kuma akwai wani kuka siriri kafin ta saki.

Wannan alamar toshewar matatar mai ce. Famfo na zuƙo mai daga kaskon ƙasa ta cikin matata. Yana aiki, datti na manne wa matatar har ya shaƙe ta, matsi ya faɗi, kuloci ya kasa kamawa. Ka kashe inji dattin ya zube ƙasa, hanya ta buɗe na ɗan lokaci. Kukan nan famfo ne ke neman mai. Da famfon ne ya mutu, ko haƙoran kwambata, wadda ke haɗa inji da giyabos, suka cinye, da sanyi da zafi ba za ta motsa ba. Da kuma R na aiki D ne kawai babu, da kulocin gaba zan zarga.

Na tsiyaye man a mazubi mai awo, ya kusa lita 4 da na cikin kasko. Maganaɗisun da ke kaskon na ɗauke da laushin toka-toka, wannan ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiban kuloci masu yawa su ne ke cewa sai an sauke giyabos, kuma kaɗan na gani. Na sa sabuwar matata da robar bakinta, sabon gasket, ban shafa gam ba, don gam ɗin da ya ɓalle ciki shi ma yana toshe hanyoyi. Kusoshin kasko masu kan lamba 10 ne, a ɗaure su a hankali, suna saurin karyewa. Man giyar Toyota mai suna T-IV na zuba daidai yawan da ya fita, sannan na ƙarasa awo da zafi.

Dattin daga faiban kuloci yake, zafi ne ya cinye shi. Fuskar lagireton ta toshe da ƙurar hunturu, ga ranar Sakkwato ta Afrilu da ke wuce digiri 40, ga man da ba a taɓa canzawa ba tun da aka sayo motar. Na wanke lagireton, na hura bututun sanyaya man. Na kai ta Wamakko na dawo ba ta saki ba, amma na gaya wa Alhaji faiban ya riga ya ci wuya, ya dawo bayan mako biyu mu sake tsiyaye man, don kusan rabin tsohon yana nan cikin kwambata.